Yadda Kuka, Ɗorawa da Kaɗanya Suka Sami Sunayen Kimiyya

Tsarin sanya wa tsirrai suna da masana ke bi a yau ya kafu ne a 1753, shekarar da Carl Linnaeus, likita ɗan ƙasar Suwidin, ya wallafa littafinsa Species Plantarum. Ya ba kowane tsiro suna mai kalma biyu da Latinanci, ta farko ta dangi, ta biyu ta shi kansa tsiron. Masu tattara tsirrai sukan busar da ganye da fure a tsakanin takardu, su aika Turai a gwada da waɗanda aka riga aka rubuta. Wanda bai dace da ko ɗaya ba, shi ake kira sabo, ko da kuwa mutanen ƙasarsa sun daɗe suna ci suna magani da shi.

Kuka na cikin tsirran farko da suka sami irin wannan suna. Wani Bafaranshe, Michel Adanson, ya gan ta a Senegal a 1749, ya bayyana siffarta, Linnaeus ya raɗa mata Adansonia digitata saboda Adanson da kuma ganyenta mai kama da yatsu. Ɗorawa kuwa, a 1826 Robert Brown ya sa wa danginta Parkia domin tunawa da matafiyi Mungo Park, a cikin littafin tafiyar Turawa Denham da Clapperton zuwa Barno da Sakkwato. Kaɗanya ma ta daɗe tana amsa Butyrospermum parkii, har aka koma ga Vitellaria paradoxa, domin ƙa'ida ita ce sunan da ya riga fitowa shi ke da rinjaye.

Aikin da ya fi kusa da ƙasar Hausa shi ne na John Dalziel, likita ɗan Sikotilan da ya yi aiki a Arewacin Najeriya a farkon ƙarni na 20. Ya tattara tsirrai yana aikawa lambun Kew da ke Landan, amma abin yabo a aikinsa shi ne bai yar da sunayen da ya ji a bakin mutane ba. A 1916 ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, haɗe da takwarorinsu na kimiyya. Shi da masanin tsirrai John Hutchinson suka rubuta Flora of West Tropical Africa daga 1927 zuwa 1936. Itacen hano, wanda wasu ke kira ararraɓi, da sunan Dalziel ake kiran shi: Boswellia dalzielii.