Tarihin Gargaɗin Ambaliya A Jihar Neja: Wa Zai Tashe Mu In Ruwa Ya Taso?



Da asubahin ranar Alhamis, 29 ga Mayun 2025, ruwa ya afka wa unguwannin Tiffin Maza da Unguwar Hausawa a garin Mokwa. An kwana ana ruwan sama, ruwan ya taru a bayan tudun layin dogo, da tudun ya ɓalle sai ya gangaro kan gidaje. Hukumomi sun tabbatar da rasuwar sama da mutum 150, cikinsu har da almajirai, an nemi wasu da dama ba a gan su ba, fiye da mutum 3,000 kuma suka rasa matsuguni. Allah ya jiƙansu da rahama. Bayan faruwar abin, Ministan Albarkatun Ruwa ya ce ba daga Kainji ko Jebba ruwan ya fito ba, kuma Mokwa na cikin wuraren da hasashen ambaliya na shekarar ya ambata tun watan Afrilu. Ke nan an yi gargaɗi, amma bai isa ƙofar gidan wanda ruwa ya ci ba. Wannan ne ya sa na ga ya kamata mu waiwaya mu ga yadda aka yi muka zo nan.

Kafin a gina madatsun ruwa, Kogin Kwara yana da lokutansa da mutanen bakin ruwa suka sani sarai. Sau biyu yake cika a shekara. Cika ta farko tana zuwa ne daga Agusta zuwa Oktoba, ruwan daminar yankinmu ne, fari mai laka. Ta biyu tana isowa cikin hunturu, wajen Disamba zuwa Fabrairu. Wannan ruwan saman da ya sauka ne a tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun ƙasar Mali, lakarsa ta kwanta a can, ya iso mana da duhu. Masunci da manomin fadama da wannan lissafi suke aiki: sun san lokacin shuka shinkafa, sun san lokacin kwashe kaya a hau tudu.

Sanin kuma yana da masu riƙe da shi. A ƙasar Yawuri akwai Sarkawa da sarakunan ruwansu. A ƙasar Nufe akwai Kyadya, masu jiragen ruwa, ƙarƙashin Kuta da ke zaune a Muregi, inda Kogin Kaduna ya haɗu da Kwara. Jirgin da ya gangaro daga sama yana tafe da labarin yadda ruwa yake a can, labarin ya je ga sarkin ruwa, daga nan ga dagaci da mai unguwa, mai shela ya zagaya gari. Babu na'ura ko ɗaya a ciki, amma kowa ya san wanda zai faɗa masa, ya kuma san wanda shi zai faɗa wa.

A 1968 aka kammala madatsar Kainji. Tafkinta ya haɗiye tsohon garin Bussa, aka tashi mutane kimanin 44,000 aka sake musu matsuguni. Jebba ta biyo baya a tsakiyar shekarun 1980, Shiroro a kan Kogin Kaduna a 1990, sai Zungeru a 'yan shekarun nan. Ƙasa ta samu lantarki, jiharmu ta yi suna da shi. Sai dai daga lokacin, tashin ruwa a ƙasan madatsun ya koma hannun masu buɗe ƙofofi. Idan tafki ya cika dole a saki ruwa don kada madatsar ta fashe, wannan ba abin musu ba ne. Matsalar ita ce tsohon lissafin masunci ya daina aiki, ba a kuma kafa wata hanya mai ƙarfi da za ta kai labarin sakin ruwa ƙauye a kan lokaci ba. A daminar 1999 an buɗe ƙofofin, ruwa ya mamaye ƙauyuka masu yawa a ƙasar Nufe, gonaki da gidaje suka salwanta. Koke-koken irin waɗannan al'ummomi ne suka kai ga dokar kafa hukumar HYPPADEC a 2010, wadda sai bayan kimanin shekara goma ta fara aiki, da hedkwatarta nan Minna.

Mu a cikin Minna, namu ruwan daban ne. Garin yana gindin duwatsu, in an yi ruwa mai ƙarfi yakan gangaro da gudu ya bi rafuka irin su Suka, ya nufi Chanchaga. Ina ƙaramin yaro aka yi ambaliyar 1986, amma har yau dattawanmu na ba da labarinta. Bayanta ne, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, aka gina manyan magudanan siminti da suka ratsa gari. Sun yi mana rana ƙwarai. To amma Minna ta wancan lokaci ba ita ce ta yau ba. Tun da ta zama babban birnin jiha a 1976 take faɗaɗa, unguwanni irin su Kpakungu, Fadikpe, Barkin Sale da Dutsen Kura sun cika sun batse, an yi gini a kan hanyar ruwa, magudanan kuma mun mai da su juji. Wannan laifin namu ne, kowa na ganin ledoji da robobi a ciki.

Ta ɓangaren hukuma ba a zauna ba. An kafa NEMA a 1999, hukumar hasashen yanayi NiMet a 2003, sai NIHSA mai lura da koguna a 2010. Ambaliyar 2012, wadda ta kashe mutum 363 ta raba sama da miliyan biyu da gidajensu a faɗin ƙasa, ta farkar da kowa: daga 2013 NIHSA ta fara fitar da hasashen ambaliya duk shekara. A Satumban 2018 Neja na cikin jihohi huɗu da aka ayyana ambaliya a matsayin bala'in ƙasa, tare da Kogi, Anambra da Delta. Jiha na da tata hukumar, NSEMA, Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna kuma na da cibiyar nazarin kariya daga bala'o'i. Ilimi dai akwai shi a garin nan.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsakanin ofis da ƙofar gida. Hasashen shekara yakan fito da Turanci, watanni kafin damina ta kankama, ya ce wuri kaza na cikin haɗari. Yana da amfani ga mai tsara aiki. Amma matar da ke kwance da 'ya'yanta ƙarfe uku na dare, abin da take buƙata shi ne wanda zai buga mata ƙofa, da tudun da za ta nufa. Ruwan kogi yana ba da kwanaki, domin ana auna shi tun daga Yamai kafin ya shigo Najeriya. Ruwa irin na Mokwa da na Minna kuwa bai fi ya ba da awa ɗaya ko biyu ba. Babu wata hukuma a Abuja da za ta riga maƙwabci isowa a irin wannan lokaci.

Wasu ƙasashe sun gane haka tuntuni. A Bangaladash, guguwar teku ta 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000. Bayanta gwamnati da ƙungiyar agaji ta Red Crescent suka kafa rundunar 'yan sa-kai a ƙauyuka, suna karɓar saƙon masu hasashe ta rediyo, su ɗaga tuta, su zagaya da lasifikar hannu, su kai mutane mafaka. Guguwa mai ƙarfi ta 2007 ta kashe 'yan dubbai ne. Abin da suka yi shi ne aikin sarkin ruwa da mai shela, suka ɗaura shi a jikin na'urar zamani.

Mu ma muna da kayan aikin. Muna da masu unguwanni ƙarƙashin masarautar Minna, muna da lasifikar masallaci da ladanin da ke farke kafin kowa, muna da 'yan agaji da 'yan sintiri da ke kwana a waje, kusan kowane gida kuma akwai waya. Abin da ya rage shi ne a raba aiki tun rani. Kowace unguwa ta san wuraren da ruwa ke taruwa, musamman bayan kwalbati ko tudun da ya tare hanyarsa. A shafa fenti a jikin gada ko magudana, a ce in ruwa ya kai nan a yi shela. A sa mutum biyu ko uku da za su duba duk daren da aka yi ruwa mai yawa. A san gidajen da ke da tsofaffi da marasa lafiya, da makarantun allo da yara ke kwana, a san wanda zai je musu. A tsayar da makaranta ko masallacin da ke tudu a matsayin wurin taruwa. A yi gayyar yashe magudanai kafin ruwan farko. Sannan ƙungiyoyinmu su je NSEMA da ƙananan hukumomin Chanchaga da Bosso da sunaye da lambobin waɗannan mutane, domin saƙo ya riƙa zuwa musu kai tsaye, da Hausa da Gwari da Nufanci.

Na san wani zai ce abin da Allah ya ƙaddara ba makawa. Haka ne, amma an umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali, kuma Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ina roƙon wakilan unguwanni su zo taronmu na gaba da jerin wuraren da ruwa ke kwanciya a yankunansu, da sunayen waɗanda suka yarda su ɗauki aikin dubawa, mu fara daga nan.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga sharrinta. Amin.