Yadda jirgin Haramain ke samun lantarki

Jirgin ƙasan Haramain, wanda ya fara jigila tsakanin Makka da Madina a 2018, yana samun wuta ne daga wayar da ke samansa, saɓanin na Abuja zuwa Kaduna mai shan dizal.

Wani hannun ƙarfe a rufin jirgin shi ke gugar wayar. Matsin iska ke tura shi sama, domin idan ya rabu da ita a gudun kilomita 300 cikin sa'a, tartsatsi zai ci su duka.

Zafin hamada dai kan sa waya ta saki, shi ya sa ake ɗaure ta da nauyi a ƙarshenta. Akan kuma ja ta a karkace, hagu da dama, don kada ta ƙwaƙule hannun a wuri guda.