Wuni ɗaya a Birnin Damagaram, da kuɗin mota kawai

Yau tambaya gare ni. Sau nawa kowannenmu ya je Damagaram? Wani asibiti ya kai shi, wani takardu, wani kasuwar Dole ran Alhamis. To amma mutum nawa cikinmu suka taɓa shiga unguwar Birni don kallo kawai? Ni kaina sai da na girma. A lakwal mun hardace sarakunan Faransa da Faransanci, alhali fadar Tanimu ba ta kai kilomita 100 daga Matamaye ba.

A ƙasar Sifen, mutum kan shiga jirgin ƙasa a Madrid da safe, bayan kamar rabin awa ya sauka a tsohon birnin Toledo, ya wuni yana kallon ganuwa, da dare ya kwana gidansa. Mu ma muna da irin wannan tafiya, ba ma lissafa ta ne. Ba otel, ba kwana. Kuɗin mota zuwa da dawowa, gorar ruwa, ɗan guzuri daga gida, sai ɗan goron da za ka ba wanda ya zagaya da kai. Shi ke nan.

Tarihin ma tun a hanya yake farawa. In ka wuce Takeita ka kama babban titi, za ka ratsa Tirmini. Mu dai mun san ta wurin da mota ke rage gudu. A nan ne, ƙarshen watan Yuli 1899, dakarun Sarki Amadu Kuren Daga suka tari sojan Faransa, bindiga ta fi doki, Damagaram ta faɗi. Abin da ya jawo haka ya faru ne shekara guda kafin nan: a watan Mayu 1898 aka kashe Kyaftin Kazamaju a Zinder bisa umurnin sarki. Shi ma sarkin bai kai ƙarshen 1899 da rai ba.

In ka sauka tasha, ka nufi Birni, kuma ka yi ta da ƙafa. Kabu-kabu zai wuce da kai abin da ka zo gani. Lunguna ne ƙanana tsakanin manyan duwatsu, gidajen ƙasa masu zanko da zane a fuskar zaure. Can tsakiya ga fada, ga masallaci a gabanta. In ka dace ranar Juma'a ce, za ka ga dogarai da kayansu ja da kore, ka ji kakaki da algaita.

Wanda ya ɗaukaka wannan gari shi ne Tanimu ɗan Sulaimanu, da ya yi sarauta mai tsawo daga 1851 zuwa 1884. Shi ya kewaye Birni da ganuwa, a zamaninsa maƙera suka ƙera igwa a cikin garin, fatake kuwa suna sauka Zango da raƙuma, su ɗauki fatu da gashin jimina zuwa Tarabulus. Bajamushen nan Barth, da ake kira Abdulkarim, ya iso a ƙarshen 1852 ya yi wajen wata guda.

Sai dai bari in faɗi abin da maroƙa ba su cika faɗa ba. Wannan arziki ba daga sama ya faɗo ba. Haraji ne da yaƙi da bayi, kuma ƙasashen kudu irin namu, har da Kance, sun shiga ƙarƙashin Damagaram a wancan ƙarni. Ke nan in ka tsaya gaban guntun ganuwar da ya rage, ba kayan wasu kake kallo ba, akwai geron kakanninmu a ciki, akwai hawayensu. Ni a ganina wannan ma ya isa dalilin zuwa, ya fi a zauna ana jin rabin labari.

Turawa sun tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa a 1906 bisa zargin shirya tawaye, suka kai shi Kodebuwa, sarauta ba ta dawo ba sai 1923. Zinder ta riƙe babban birnin ƙasa daga 1911 har 1926 da aka maida shi Yamai. Barikin da suka gina bisa dutse suka sa masa sunan Kazamaju, yau sunan Tanimu yake ɗauke da shi. Wurin soja ne, a kalle shi daga nesa, kada a ɗaga waya.

Abin da ke damuna shi ne lokaci. Tun 2006 Birni ke cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO, amma damina ba ta karanta takarda. Kowace shekara wani zaure na zubewa, mai gida ya ɗora bulo da kwano, kuma ba ka ganin laifinsa, yaɓe na cin kuɗi da ƙarfi. Magina masu iya zanen nan su ma tsufa suke yi.

Don haka malaman lakwal da iyaye, in an gama girbi a haɗa yara goma ko ashirin, a yi karo-karo a ɗauki mota guda. A tashi bayan sallar asuba, a gama Birni kafin rana ta take, a yi azahar a masallacin fada, a leƙa Zango. La'asar na yi a nufi tasha, don motocin Matamaye in yamma ta yi sai an yi jiran cika.