Matuƙin Jirgin Yaƙi a Finafinan Japan: Don Wa Yake Mutuwa?

Fiye da shekara tamanin ke nan masu shirya finafinai a Japan suna komawa kan mutum guda, wato saurayin da ya tuƙa jirgin saman yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu. Jirginsa da tufafinsa suna nan yadda suke, amma dalilin da ake ba shi na mutuwa yana sauyawa daga zamani zuwa zamani. Duk wanda ya bi sawun wannan dalili zai fahimci yadda Japanawa suka riƙa kallon yaƙin da suka yi.

Zamanin yaƙi

A 1939 gwamnatin Japan ta kafa dokar finafinai, wadda ta ba jami'anta ikon duba rubutaccen labari tun kafin a fara ɗauka. A ƙarƙashin wannan doka ne kamfanin Toho ya fitar da Hawai Mare oki kaisen, ma'ana yaƙin teku daga Hawai zuwa Malaya, a watan Disamba na 1942, daidai cikar shekara guda da harin Pearl Harbor. Kajiro Yamamoto ne ya ba da umarni, Eiji Tsuburaya kuma ya gina ƙaramin samfurin tashar jiragen ruwan domin a nuna harin. Labarin na wani ɗan ƙauye ne da ya shiga makarantar horar da matuƙa ta rundunar ruwa. Kaso mai yawa na fim ɗin horo ne: motsa jiki, kokawa, biyayya ga na gaba. Yaron ya koyi cewa ransa mallakar Sarkin Japan ne, abokan gaba kuwa jiragen ruwa ne da ake hangowa daga sama.

A 1944 Yamamoto ya sake yin wani fim a kan Tateo Kato, kwamandan da aka kashe a watan Mayu na 1942 a fagen daga na Bama, ƙasar da daga baya sojojin Afirka ta Yamma, da Hausawa masu yawa a cikinsu, suka je suka gwabza da Japan. An nuna Kato tamkar uba ga yaransa, mutuwarsa kuma abin koyi.

A watan Oktoba na wannan shekara ne, lokacin yaƙin mashigin Leyte a Filifin, Takijiro Onishi ya shirya rukunin farko na matuƙan da za su afka wa jiragen ruwan Amurka da jiragensu. Duniya ta san su da kamikaze, wato iskar alloli, sunan da aka ba guguwar da ta tarwatsa jiragen Mongol a ƙarni na 13. Kimanin matuƙa 3,800 ne suka mutu a wannan ƙunar baƙin wake, da dama daga cikinsu ɗaliban jami'a da aka ɗebe daga azuzuwa a ƙarshen 1943.

Bayan shan kaye

Daga 1945 zuwa 1952 Japan tana ƙarƙashin mamayar Amurka, wadda ta hana finafinan yabon soja. Kundin tsarin mulki na 1947, a sashe na 9, ya haramta wa ƙasar ɗaukar yaƙi a matsayin hanyar warware saɓani. Idan kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya. Da matuƙin ya dawo majigi, sai ya dawo a matsayin wanda aka zalunta.

A Kumo nagaruru hate ni na Miyoji Ieki, wanda ya fito a 1953, ɗalibai ne ke zaune a sansani suna jiran ranar tashi, suna tunanin iyaye da masoya, alhali hafsoshin da suka tura su suna lissafa su kamar harsasai. A 1954 Ishiro Honda ya yi Saraba Rabauru, inda ya taɓo wani batu mai ciwo: an ƙera jirgin Zero na farko ba tare da sulken da zai kare matuƙi ba, domin ya yi sauƙin nauyi ya kuma yi tafiya mai nisa. Ƙasar da ta ƙera jirgi haka ta bayyana darajar da ta ba ran mai tuƙa shi.

Wannan salo ya soki yaƙi da gaske, amma ya zo da wani sauƙi ga mai kallo. Laifi ya tattara a kan manyan hafsoshi, talaka da ƙaramin soja suka fita da tsarki. Daga nan aka samu damar yabon gwaninta ba tare da yabon yaƙin ba, kamar a Ozora no samurai na 1976, tarihin Saburo Sakai, wanda aka raunata a Guadalcanal a watan Agusta na 1942, ya rasa ganin ido ɗaya, amma ya tuƙa jirginsa na tsawon sa'o'i har ya sauka a Rabaul.

Daga Sarki zuwa iyali

Da tsoffin sojoji suka fara ƙarewa, sai tambayar ta koma hannun jikoki. Garin Chiran na kudancin Kyushu, inda matuƙa 439 suka yi tashin ƙarshe, ya zama wurin ziyara, labarin Tome Torihama mai gidan abincin da ta kula da su kamar uwa ya bazu. Shintaro Ishihara, gwamnan Tokyo na lokacin, ya rubuta fim a kanta a 2007, kuma sunan fim ɗin kansa yana cewa don masoyi ake tafiya mutuwa. Sarki ya ja da baya, uwa da mata da 'ya'ya suka maye gurbinsa.

Eien no Zero na Takashi Yamazaki, wanda ya fito a Disamba 2013 daga littafin Naoki Hyakuta, ya kai wannan salo ƙololuwa. Jika ne ke binciken kakansa Miyabe, gwanin matuƙi da abokansa ke kira matsoraci saboda ya ƙudurta komawa ga matarsa da 'yarsa da rai, amma a ƙarshe ya shiga harin ƙunar baƙin wake. Fim ɗin ya tara jama'a, Firayim Minista Shinzo Abe ya ce ya taɓa masa zuciya. Masu suka kuwa sun ce yana la'antar dabarar da baki, yana ƙawata mutuwar da hoto. Hayao Miyazaki, wanda a shekarar ya fitar da Kaze tachinu a kan Jiro Horikoshi mai zanen jirgin Zero, yana cikin waɗanda suka soki tatsuniyar da ake ginawa a kan wannan jirgi.

Shekara goma bayan haka, Yamazaki ya ba da wata amsa a Godzilla Minus One na 2023. Jaruminsa Shikishima ya yi ƙaryar lalacewar inji don ya kauce wa harin, ya rayu cikin kunya. Da ya sake samun damar sadaukar da kansa, sai ya yi amfani da kujerar tsira ya fice daga jirgin. A wannan karo rayuwa ce ta zama jarumta.

Waɗanda ba a nunawa

Duk da wannan doguwar tafiya, akwai fuskar da ba kasafai take bayyana ba, ita ce ta mutumin da ke ƙasa. Jirgin Zero ya yi artabunsa na farko ne a ranar 13 ga Satumba 1940 a sararin Chongqing ta ƙasar Sin, yana rakiyar jiragen da suka shafe shekaru suna ruwan bama-bamai a kan birnin, inda dubban fararen hula suka halaka. Finafinan sojan ƙasa, irin su Ningen no joken na Masaki Kobayashi da Nobi na Kon Ichikawa, sun nuna zalunci da yunwa ba tare da rufa-rufa ba. Sararin sama kuwa ba ya riƙe gawa, shi ya sa matuƙi ya fi kowane soja sauƙin so. Hotaru na Yasuo Furuhata, na 2001, ya ɗan buɗe wannan ƙofa da ya kawo matuƙi ɗan Koriya da ya mutu saboda ƙasar da ta mallake tasa, ya kuma kai jaruminsa gaban dangin mamacin.

Saboda haka, ɗalibin tarihi da zai kalli ɗaya daga cikin waɗannan finafinai ya kamata ya riƙe tambayoyi uku: a wace shekara aka yi shi, don wa aka ce matuƙin ya mutu, kuma su waye ke zaune a garin da jirginsa ya nufa.