Harshe a Gaban Katanga: Daga Kwalejin Wiley zuwa Majalisar Taɗi ta Bauchi

A hutun Kirsimetin da ya wuce, biyu daga cikin 'ya'yan ikkilisiyarmu da ke karatu a jami'ar Aliero suka dawo gida Gehuru da wani fim a cikin kwamfuta. Suka roƙe ni in bari a haska wa zumuntar matasa a bangon majami'a. Na yarda, bisa sharaɗin zan zauna in gani da idona. Aka ta da janareto bayan cin tuwon dare, ɗaya daga cikinsu yana fassara wa waɗanda ba su jin Turanci. Abin ya tuna mini da majigin da iyayenmu ke ba da labari, wanda gwamnatin Turawa ke yawo da shi gari gari tana koya wa talakawa tsabta da noma. Bambancin kawai shi ne, wannan majigin labarin waɗanda aka mulka yake bayarwa.

Sunan fim ɗin The Great Debaters, wato gwanayen mahawara. Ya fito a 2007, Denzel Washington ne ya shirya shi, shi ne kuma ya fito a matsayin malamin. Tushen labarin gaskiya ne. A garin Marshall na jihar Teksas ta Amurka akwai Kwalejin Wiley, wadda ikkilisiyar Metodis ta kafa a 1873 domin 'ya'yan bayin da aka 'yanta, shekara 8 kacal bayan ƙarewar yaƙin basasar ƙasar. A wancan zamani dokokin jihohin kudu sun raba baƙi da farare a makaranta, da jirgin ƙasa, da asibiti, har da maƙabarta, kuma Kotun Ƙoli ta halatta wannan rabo a hukuncinta na 1896. A cikin wannan ƙunci ne wani malamin Turanci, Melvin Tolson, ɗan fasto, ya tara ƙungiyar mahawara ya hora ta. A 1930 suka kara da ɗaliban shari'a na Jami'ar Michigan a Shikago, da mace guda a cikinsu, Henrietta Bell. A 1935 suka ka da Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wadda ke riƙe da kambin ƙasa.

Masu fim sun sāke wasu abubuwa, ya kamata ka sani. Sun mai da gasar ƙarshe ta zama da Jami'ar Harvard, don sunanta ya fi amo. Sun kuma rufe labarin da tafi da murna, alhali kuwa ba a ba Wiley kambin ba, domin ƙungiyar mahawara ta ƙasa ba ta karɓar baƙar fata a lokacin. Sun ci, amma ba a rubuta sun ci ba. A ganina wannan ya fi abin da aka nuna ratsa zuciya.

Wurin da majami'armu ta yi tsit shi ne inda Dokta James Farmer babba, fasto kuma masanin tauhidi mai digirin dokta daga Jami'ar Boston, ya buge aladen wani Bature manomi da mota. Mutumin da ya san Helenanci da Ibrananci ya sunkuyar da kai gaban jahili mai bindiga, ya miƙa takardar albashinsa, ɗansa yana kallo. Wani saurayi a bayana ya ce, "Baba Fasto, da ni ne, sai dai a yi wadda za a yi." Na ce masa, "Ɗana, bari a gama tukuna." Yaron nan da ya ga wulaƙancin mahaifinsa, James Farmer ƙarami, an haife shi a 1920, ya shiga Wiley yana da shekara 14, ya koyi mahawara a hannun Tolson. Shi ne ya kasance cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar CORE a Shikago a 1942, shi ne kuma ya shirya tafiyar 'yanci ta 1961, inda baƙi da farare suka shiga motocin safa tare suka ratsa jihohin kudu, aka ƙone musu mota a Alabama, aka yi musu dūka, ba su rama ba.

Da aka kashe janareto, matasan suka yi ta jinjina wa mutanen Amurka, kamar a ce irin wannan abu bai taɓa faruwa a ƙasarmu ba. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami, gama mu ma an gina mana katanga, mu ma kuma mun sami waɗanda suka tsaya gabanta da baki.

Katangar tamu tana da awo. Bisa tsarin Gwamna Lugga da dokar garuruwa ta 1917, unguwar Turawa takan kasance daban, a bar fili na yadi 440 tsakaninta da mazaunin 'yan ƙasa, ba mai gini a ciki. Hujjar da aka bayar ita ce sauro da zazzaɓi, sai ka ce sauro ya san iyaka, ko kuwa kuku da boyi da ke kwana a bayan gidan Bature ba 'yan ƙasa ba ne. Asibiti daban, kulob daban. Rabon bai tsaya kan fari da baƙi ba: mutanen birni suna cikin ganuwa, baƙi daga kudu suna Sabon Gari, 'yan Arewa da ba 'yan gari ba suna Tudun Wada. Duk wanda ya san Kano ko Zariya ya san waɗannan sunaye suna nan har gobe, ya kuma san cewa a ranar tashin hankali, kan waɗannan tsofaffin iyakoki ne jini ke zuba. A Legas sai a 1947 abin ya fashe, sa'ad da otal ɗin Bristol ya hana Ivor Cummings ɗaki. Babban ma'aikaci ne da ya zo daga Ofishin Mulkin Mallaka na Landan, amma mahaifinsa mutumin Saliyo ne. Hayaniyar da ta biyo baya ta tilasta wa Gwamna Arthur Richards hana wariyar launi a wuraren jama'a.

To, a Arewa ina aka koyi tsayawa a yi magana? Ɗaya daga cikin wuraren shi ne Bauchi, wajen 1943. A can ƙaddara ta haɗa mutum uku: Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano, dukansu malamai a Makarantar Midil, da Malam Sa'adu Zungur, ɗan Arewa na farko da ya shiga babbar kwalejin Yaba. Aka kafa Majalisar Taɗi, da yardar hukuma, har jami'an Turawa da manyan En'e suna halarta. Mai yiwuwa Turawa sun ɗauka gara 'yan boko su fitar da abin da ke cikinsu a ɗaki, gaban idon Di'o, da su yi ta ƙus-ƙus a zaure. Aka yi ta tattauna al'amuran ci gaba, har aka kai ga babbar magana, wato mulkin da Bature ke yi ta hannun sarakuna. Zungur da Aminu suka soke shi, Ɓalewa ya bi a hankali kamar yadda halinsa yake. Da tambayoyi suka kai ga albashin sarki da abin da ake dubawa wajen yanka shi, sai hukuma ta rufe majalisar.

Ka lura da abin da ya tsorata masu iko. Ba wanda ya ɗauki sanda. Tambaya ce aka yi, cikin ladabi, a gaban shaidu, bisa ƙa'idar da su kansu suka shimfiɗa. Malam Aminu, wanda shi ma haihuwar 1920 ne kamar Farmer ƙarami, ya zo nan Lardin Sakkwato ya koyar a kwalejin horon malamai ta Maru kafin ya ajiye aikin gwamnati a 1950, shekarar da aka kafa NEPU a Kano. Ɓalewa ya zama Firayim Minista. Sun rabu a siyasa rabuwa mai nisa, amma a ɗaki ɗaya suka wasa harshensu.

Waɗannan uku Musulmi ne, ina kuma ambatonsu da girmamawa. Amma kada ka zaci masu bin Almasihu 'yan kallo ne a wannan tarihi. Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna a Zariya tun 1905, a 1929 aka mai da mishan Wusasa, a 1932 kuma Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa. Daga wannan 'yar ƙaramar al'umma Dokta Barau Dikko ya fito, likita na farko ɗan Arewa, wanda ya yi karatu a Ingila. Da 'yan bokon Arewa suka taru a Kaduna a 1949 don ƙaddamar da Jam'iyyar Mutanen Arewa, shi suka zaɓa shugaba. Taron da mafi yawansa Musulmi ne ya ɗora Kirista a kan kujera, domin ya san abin da yake faɗa, kuma an yarda da halinsa. Nakan faɗa wa matasanmu wannan duk lokacin da suka ce ƙarancinmu a nan ƙasar Gwandu ya sa ba mu da ta cewa.

Wannan gādo ya girmi Wiley da Bauchi. Karanta Ayyukan Manzanni sura 16: an yi wa Bulus da Sila bulala a Filibi ba tare da shari'a ba, da gari ya waye aka aiko a sallame su a ɓoye, Bulus ya ƙi, ya nemi mahukunta su zo da kansu, gama shi ɗan ƙasar Roma ne. A sura 22 tambaya guda ya yi wa jarumin soja a kan halaccin dūkan, aka janye bulala. A sura 26 ya tsaya gaban Sarki Agaribas da sarƙa a hannu, ya fara da girmama sanin da sarkin ya yi wa al'adun Yahudawa. Mutumin nan ya san doka, ya san abin da abokin gardamarsa ya gaskata, ya kuma iya riƙe fushinsa. Abin da mahawara ke koyarwa ke nan, domin a cikinta akan ba ka ɓangaren da ba ka so, a ce ka kāre shi, ka jira lokacinka, ka amsa abin da aka faɗa ba abin da ka so a ce an faɗa ba.

Akwai sauran magana, mai ɗaci, wadda fim ɗin bai kai gare ta ba. Farmer ƙarami ya karanta tauhidi a Jami'ar Howard ya gama a 1941, amma ya ƙi a naɗa shi fasto. Dalili kuwa, a 1939 da rassan Metodis na Amurka suka haɗe, sun ware ikkilisiyoyin baƙar fata cikin wani sashe na dabam, bisa launi kawai, ba a rushe wannan sashe ba sai a 1968. Ikkilisiyar da ta gina kwalejin ita ce kuma ta gina katanga a cikin gidanta, har ta yi hasarar ɗa irin wannan daga bagadinta. Haka ya faru a Antakiya, inda Bitrus ya janye daga cin abinci da al'ummai don tsoron mutane, har Barnaba ya bi shi, Bulus kuwa ya tsawata masa a gaban kowa, kamar yadda Galatiyawa sura 2 ta nuna.

Na yi shekaru ina hidima, na ga zaɓen dattawan ikkilisiya da aka gama shi tun a gida bisa yare, kafin a zo a yi addu'a a kansa. Na ga an hana aure tsakanin masu bi biyu saboda kakan ɗaya bawa ne, ko maƙeri. Na ga baƙon da ya shekara ashirin yana ba da zakarsa a wuri ɗaya, ana ce masa baƙo har ranar jana'izarsa. Ni kaina na sha yin shiru a irin waɗannan wurare, ina kiran shirun nawa hikima. Mukan yi kuka idan an hana mu fili ko gurbin aiki a waje, kukan kuwa sau da yawa yana da dalili, amma yadi 440 ɗin da ke tsakanin kujerunmu ba Lugga ne ya auna shi ba.

Bayan fitowar fim ɗin, Denzel Washington ya ba Kwalejin Wiley dala miliyan 1 don ta farfaɗo da ƙungiyar mahawararta, wadda ta daɗe da mutuwa. Mu ba mu da dala, amma muna da benci da agogo. Zumuntar matasanmu ta sa ranar Litinin ta bayan Ista don zama na farko, mutum uku uku, minti biyar biyar, uwar zumuntar mata ce mai riƙe lokaci. Batun da suka zaɓa shi ne ko ya dace a riƙa rarraba kujerun dattawa bisa ƙabila don kowa ya sami wakili. Saurayin nan da ya ce sai dai a yi wadda za a yi ya ƙi jinin wannan tsari ƙwarai, saboda haka na sa shi a ɓangaren masu kāre shi. Ya zo ya same ni da ƙorafi, na ba shi aron littattafai biyu, na kuma tura shi Jega wurin wani tsohon dattijo da ke goyon bayan tsarin, ya zauna ya ji dalilansa daga bakinsa.