Bayan Faɗuwar Azzalumi: Abin da Littafi na Uku Yake Ɗauke da Shi

A ranar 24 ga Agusta, 2010, kamfanin ɗab'i na Scholastic da ke Amurka ya fitar da Mockingjay, littafi na uku a jerin The Hunger Games na Suzanne Collins. Matasan da suka ƙagu su ga ƙarshen labarin sun karanta, sai ra'ayinsu ya rabu. Masu ƙorafi suka ce labarin ya yi nauyi, tauraruwar ta ɓata lokaci tsakanin gadon asibiti da maɓoya, kuma nasarar da aka daɗe ana jira ta zo ba kiɗa ba guɗa. Bayan shekara uku aka sake jin irin wannan kuka a kan Allegiant na Veronica Roth. Daga nan wata magana ta zauna a bakin masu karatu, wai irin waɗannan labarai da kyau suke farawa, da rauni suke ƙarewa. Tarihin wannan reshe na adabi yana nuna wani abu dabam game da mafi ingancinsu: a littafi na ƙarshe marubucin yake faɗin abin da ya sa ya ɗauki alƙalami. Mai niyyar karanta littattafan nan ya sani cewa za a tona ƙarshensu a ƙasa.

Nau'in labarin da ake magana a kai shi ne wanda ke zana wata baƙar makoma, inda hukuma ta mallaki jikin ɗan Adam da tunaninsa, sannan ta kira hakan zaman lafiya. Tushensa na zamani yana cikin littattafan manya guda uku. Yevgeny Zamyatin ɗan Rasha ya rubuta We a farkon mulkin kwaminisanci, aka fara buga shi da Turanci a New York a 1924, bai kuwa samu fitowa a Tarayyar Sobiyat ba sai 1988. Aldous Huxley ya biyo da Brave New World a 1932, George Orwell kuma da Nineteen Eighty-Four a 1949. Kowanne littafi ɗaya ne tilo, kuma kowanne da karayar mai tawaye ya ƙare: an yi wa na Zamyatin tiyatar da ta kashe masa tunani, na Huxley ya rataye kansa, na Orwell an azabtar da shi har ya koma son wanda ya zalunce shi. Waɗannan marubuta gargaɗi suka zo yi, shi ya sa ba su buƙaci littafi na biyu ba. Tun da hukuma ce ta yi nasara, babu sauran labari.

Da aka fara rubuta irin wannan labari domin matasa, sai lissafi ya canza. Yana da wuya a miƙa wa ɗan shekara goma sha huɗu littafin da zai rufe masa kowace ƙofa. Dole tawaye ya samu damar cin nasara. Da zarar kuwa marubuci ya yarda azzalumi zai faɗi, ya ɗauko wa kansa tambayar da magabatansa suka tsallake: wa zai hau kujerar, kuma me yaƙin ya mayar da waɗanda suka yi shi?

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara fuskantar tambayar shi ne Sam Youd, Baturen Ingila mai rubutu da sunan John Christopher. Tsakanin 1967 da 1968 ya fitar da littattafai uku a kan wasu halittu daga sararin samaniya da suka mamaye duniya, suna kafa wa kowane yaro wata hular ƙarfe idan ya kai shekara goma sha huɗu, domin ta kashe masa son tambaya. A na farko, The White Mountains, yaro Will Parker ya gudu zuwa duwatsun da 'yantattun mutane suke ɓoye. A na biyu ya shiga birnin maƙiya a matsayin bawa, yana leƙen asiri. A na uku, The Pool of Fire, an rusa biranen mamaya, amma littafin bai tsaya nan ba. Wakilan al'ummomi sun taru domin tsara sabuwar duniya, suka tsige jagoran gwagwarmayar, taron ya watse cikin zargin juna. An rubuta wannan ne a tsakiyar yaƙin cacar baka, lokacin da ƙasashen da suka haɗu suka kayar da Hitler suke nuna wa juna makaman nukiliya. Tsarin da Christopher ya bi shi ne ya zama gado: littafin farko tsira, na biyu sanin yadda mulkin yake aiki, na uku yaƙi da abin da ke biyo bayansa.

Akwai kuma hannun kasuwa. The Giver na Lois Lowry, wanda ya fito a 1993 ya kuma ci lambar Newbery a 1994, ya tabbatar wa malamai da masu ɗab'i cewa yara suna iya ɗaukar labari mai ɗaci. Jerin Harry Potter, daga 1997 zuwa 2007, ya koya wa kamfanoni cewa mai karatun da ya saba da tauraro ɗaya zai dawo ya sayi na gaba. Scott Westerfeld ya fitar da Uglies da Pretties a 2005, Specials a 2006. Lokacin da The Hunger Games ya fito a 2008, hanya a share take.

Collins ta bayyana cewa tunanin labarin ya zo mata ne wani dare tana sauya tashoshin talabijin, tsakanin gasar nishaɗi da rahotannin yaƙin Iraƙi, har hotunan biyu suka cakuɗe mata. Mahaifinta hafsan sojan sama ne da ya yi aiki a Biyetnam. Ta kuma ɗebo daga tatsuniyar Girkawa ta Theseus, inda birnin Atina ke aika samari bakwai da 'yan mata bakwai a matsayin fansa. Sunan ƙasar labarin, Panem, kalmar Latin ce mai nufin burodi, ishara ga dabarar sarakunan Rum ta rufe bakin talakawa da abinci da wasanni. A wannan ƙasa, gundumomi goma sha biyu suna ba da yara ashirin da huɗu duk shekara, masu shekara 12 zuwa 18, su kashe juna a gaban kyamara.

Littafin farko yana da daɗin karatu domin komai a fili yake: maƙiyi ɗaya, fili ɗaya, buri ɗaya. Catching Fire na 2009 ya mayar da Katniss Everdeen filin a gasa ta 75, amma a ƙarshensa ta gano cewa abokan tafiyarta sun ƙulla shiri da ita a tsakiya ba tare da saninta ba. Wannan shi ne zaren da Mockingjay ya ja har ƙarshe. 'Yan tawayen Gunduma ta 13, ƙarƙashin Alma Coin, sun sa mata tufafin yaƙi, sun haɗa ta da masu ɗaukar hoto, suna shirya finafinan farfaganda da fuskarta. Aikin da fadar Shugaba Snow ta sa ta yi shi ne dai sababbin iyayen gidanta suka sa ta. Abokinta Gale ya taimaka wajen tsara bam mai tashi sau biyu, na biyun domin masu kawo ɗauki, kuma irin wannan bam ne ya kashe ƙanwarta Prim, wadda saboda ita Katniss ta shiga gasar tun farko. Bayan nasara, Coin ta kawo shawarar a yi gasa ta ƙarshe da 'ya'yan waɗanda aka kayar, zakaru bakwai da suka rage suka amince da ƙuri'a huɗu a kan uku. Ranar da aka tsayar da Snow domin Katniss ta harbe shi, sai ta juya kibiyar ta kashe Coin.

Mai karatun Hausa da ya san Gandun Dabbobi, fassarar Bala Abdullahi Funtuwa ta Animal Farm na Orwell, ya san wannan darasi: aladun da suka kori manomi sun ƙare suna kwana a gadonsa. Bambancin shi ne Collins ta ba matashiya damar gane hakan kafin sabuwar sarauta ta kafu, ta kuma nuna farashin. Katniss ta koma kangon garinsu da tabon wuta da mugayen mafarkai da ba su rabu da ita ba har ta haihu. Jinkirin da masu karatu suka yi kuka da shi siffar wanda yaƙi ya taɓa wa zuciya ce, kuma da gangan aka saka shi.

Wannan ba ya wanke kowane littafi na uku. Roth ta fitar da Divergent a 2011, Insurgent a 2012, Allegiant a 2013. A na ƙarshen ta bayyana cewa birnin Chicago na labarin wurin gwajin ƙwayoyin gado ne, ta raba muryar mai ba da labari gida biyu, ta kashe tauraruwarta Tris. Mutuwar ce ta fi jawo fushi, amma masu nazari da dama sun fi ganin rauni a yadda bayanin ƙarshe ya rage wa littattafai biyun farko ma'ana. Ma'aunin da ya dace shi ne ko ƙarshen ya tsiro daga irin da aka shuka tun farko. Ɗacinsa kaɗai ba hujja ba ce a kansa. Masu fim kuma sun ƙara dagula lamarin da al'adar raba littafin ƙarshe biyu: Mockingjay ya fito a 2014 da 2015, na Allegiant kuwa ya gaza a kasuwa a 2016, har aka fasa kashi na ƙarshe. Abin da ya gajiyar da jama'a sau da yawa tsawaitawar 'yan kasuwa ce.

Labarin bai tsaya a takarda ba. Bayan juyin mulkin soja a Tailan a watan Mayun 2014, masu zanga-zanga suka ɗauki gaisuwar yatsu uku ta The Hunger Games, kuma a Nuwamba aka tsare ɗalibai biyar a Khon Kaen saboda sun ɗaga ta a gaban Janar Prayuth Chan-ocha. An sake ganin ta a titunan Miyanma a 2021. Alamar daga littafin farko ta fito, domin shi ne ke koyar da ƙin zalunci. Abin da ke jiran mai tawaye bayan ya yi nasara, wato yadda za a hana jagoransa zama sabon azzalumi da yadda za a yi da waɗanda aka kayar, yana can cikin na uku. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Iyaye da malaman da ke miƙa wa matashi littafin farko, ya kamata su tabbata na ƙarshen ma ya isa hannunsa.