Na'urar Maimaita Numfashi: Dalilin Sanya Mata Ma'aunin Oksijin Uku

Na'urar maimaita numfashi kayan aiki ce ta masu nutso a ruwa mai zurfi. Tukunyar iska ta yau da kullum tana sakin numfashin mutum ya tashi kumfa. Ita kuwa wannan tana tara shi a jaka, ta tace gurɓatacciyar iskar kabon da wani sinadari, ta ƙara oksijin, sannan mutum ya sake shaƙa. Baturen Ingila Henry Fleuss ya yi rajistar irinta a 1878.

Haɗarinta shi ne jiki ba ya faɗakar da mai shi idan oksijin ya yi kaɗan ko ya yi yawa. A doron ƙasa, ƙarfinsa a iskar da ake shaƙa 0.21 ne a ma'aunin bar. Idan ya gaza 0.16 mutum na iya suma, idan ya haura 1.6 jijjiga irin ta farfaɗiya na iya kama shi. A ƙarƙashin ruwa, kowanne ajali ne. Shi ya sa aka fi tsayar da shi a 1.3.

Ma'aunin oksijin ɗan ƙaramin abu ne mai aiki kamar batir, dalmar cikinsa tana cinyewa a hankali. Idan ya tsufa, yakan faɗi gaskiya a sama, amma a zurfi ya nuna ƙasa da abin da ke akwai, kwamfutar na'urar ta yi ta ƙara oksijin har ya zama guba. Saboda haka ake sanya uku, kwamfuta ta bi biyun da suka yi daidai da juna.

Sai dai rinjaye ba shi ne gaskiya ba. Ma'aunai uku da aka ƙera tare, aka sanya rana ɗaya, suna iya lalacewa tare, har biyu marasa kyau su kayar da mai kyau. Ɗan kasuwar da ya sayi sikeli uku masu aibi ɗaya bai tsira daga tauye awo ba. Don haka ƙwararru ke sauya su ɗaya bayan ɗaya, ba sa barin su wuce wata 12 zuwa 18, suna sanya allon dubawa na biyu mai batirinsa, kuma suna ɗaukar tukunyar iska ta ko-ta-kwana.

An ga amfanin hakan a kogon ruwa na Boesmansgat a Afirka ta Kudu ranar 8 ga Janairu, 2005. Dave Shaw ya rasu a zurfin mita 270 yana ƙoƙarin ɗauko gawar Deon Dreyer, bayan iskar kabon ta taru masa. Abokinsa Don Shirley ya bi sahunsa, matsin ruwa ya fasa kwamfutar na'urarsa. Ya koma ƙara oksijin da hannu, da ya yi yawa ya kama tukunyar ko-ta-kwana. Ya fito da rai bayan fiye da sa'o'i 12 a ruwa, ko da yake ya sha jinya.